Dariyar da ke Ƙarƙashin Amawali

Littafin da ya koya mini kallon hoto, ƙafar tebur yake tokarewa ranar da na fara ganinsa. Teburin na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ke yi wa kamfanin haƙar yuraniyom aikin zane a Arlit. Ƙafa ɗaya ta gajarta, wani ya cusa littafin a ƙarƙashinta, ya daɗe a nan har bangonsa ya lotsa daidai faɗin ƙafar.

Mu mutanen Damagaram ne. Mun hau arewa a shekarun da kowa ke hawa, lokacin da ake cewa a Arlit ko mai ɗinkin maɓalli ba ya kwana da yunwa. Babana tela ne, sai ya ɗauki maganar da gaske, ya ɗaure kekensa a bayan mota muka taho. Garin sabo ne fil. Babu tsohon gida, babu kabarin kakan kowa, babu bishiyar da ta girmi mutum. A unguwar ma'aikata fitila ba ta ɗaukewa, famfo kuma yana zuba, ga hamada ta kewaye mu ta kowace fuska. A kasuwa za ka ji Hausar Kano da ta Tawa da ta Sakkwato suna ciniki da juna, Abzinawa da Fulani su sa baki da tasu irin Hausar, kowa kuma ya fahimci kowa.

Kawu bai yi boko ba. Zane ya koya a Kano, a jikin manyan motoci: zaki, dawisu, furanni, ido a saman fitila. Daga baya ya koma yi wa wanzamai da masu abinci allon ƙofa. Kamfani ya ɗauke shi ne domin yawancin ma'aikata ba sa karanta Faransanci, gargaɗi kuwa dole ya isa ga kowa. Shef ɗinsu, wato shugaban aikinsu, wani anasara mai jan wuya, zai zo ya faɗi abin da yake so, kawu ya zana da fensir, ya ja layuka ya raba takardar gida-gida, sannan ya kwafe ta a kan farantin ƙarfe gida bayan gida. Sa hular kwano. Kada ka kai hannu bakin injin. Kada ka kwanta a inuwar babbar mota. Da sanyin safiya yake shafa fenti, domin in rana ta ɗaga yakan bushe a bakin burushi kafin ya kai ga ƙarfen. In ya gama, ba shef yake fara nuna wa ba. Wata tsohuwa mai ƙosai a bakin hanya yake kai wa, ya jingine allon a gabanta bai ce komai ba. In ta faɗi abin da hoton ke nufi, aiki ya yi. In ta ce, "Wannan kuma rawa yake yi?" sai ya dawo ya goge da kananzir.

Mutanen da ke cikin allunan duk iri ɗaya ne: kai kamar ƙwarya, ɗigo biyu, layi ɗaya. Haka ake so, don kada wani ya ce da shi ake. Kawu yakan kira su marayu.

Ni a lokacin ina makarantar sakandare. Ba ni da surutu. In mushe, wato malaminmu, ya kira ni a aji, ko na san amsa sai in sunkuyar da kai. Littattafaina kuwa duk na naɗe su da takardar buhun siminti, na goge ta da dutsen gugar babana har ta kwanta. Ateliyen kawu, wato ɗakin aikinsa, yana kan hanyata ta komawa gida, a wajen shingen kamfani, sai na riƙa ratsewa ina zama a kusurwa don can babu mai sa ni magana. Wata rana na sami guntun katako na ɗaga teburin da kafaɗa na musanya shi da littafin.

"Ke kuma, Malama," in ji kawu, "duk takardun duniya sun ƙare sai na ƙafar tebur?"

Da na buɗe, shi ma ya ajiye burushi.

Hotunan tsofaffin zane-zane ne na ƙasar Turai, na mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ko wane anasara ne ya bar shi a nan, ba mu sani ba. Daga ranar muka yi al'ada. In na taso daga makaranta sai mu wanke hannu da sabulu, mu shimfiɗa tsumma mai tsabta, mu buɗe shafi ɗaya ko biyu. Ni nake karanta rubutun da ke ƙasa in fassara masa. Shi bai damu da sunan mai zane ko shekarar da aka yi ba.

"Bar wannan," yakan ce. "Daga ina haske ya shigo?"

Tambayarsa ke nan kullum. Sai in duba in ce daga hagu, ta taga. Ya ce to ina ya fara sauka, ina ya gaji, ina ya mutu? Akwai wata tsohuwa da ke fere albasa a bakin taga, hasken ya zauna a goshinta da bakin wuƙar. Akwai tebur da kifi da lemon tsami da aka fere rabi, ɓawon ya lanƙwaso yana lilo a gefen tebur, har ka ji kamar ka tara hannu. Akwai masunta suna jan jirgi a ƙarƙashin hadari mai nauyi, mu da muke shekara ba mu ga ruwan sama na kirki ba mukan daɗe a wannan shafin. Akwai manoma a dogon teburin cin abinci, kowa da tasa fuskar, wani yana hamma, wani yana satar kallon tuwon maƙwabcinsa. Shafukan da ke da mutane ba tufafi kuwa kawu ya aro allurai wurin babana ya maƙale su da juna, ya ce waɗannan sai sun yi sutura.

"Dubi mutumin nan," ya ce mini game da mai albasar. "Ya zauna ya kalli albasa kamar 'yar sarki. Ni kuma ina nan ina zana marayu."

Shafi ɗaya ne kawai yake tsallakewa. Wata mace ce tsaye a bakin ƙofa, ta ba mai kallo baya, ba a ganin ko kuncinta. Kawu ya ce mai zanen gajiya ya yi, ko kuwa fuska ce ta gagare shi. Ni ko shafin da na fi so ke nan, wataƙila don ni ma na fi son a ga bayana. In kawu ya fita, shi nake buɗewa.

Kawu yana da aboki, direban babbar motar da ke kwaso duwatsu daga ramin haƙa. Ba'abzine ne daga wajen Gugaram, dogo, mai siraran yatsu. Kamar sauran mazan Abzin, ba ya rabuwa da rawani, kuma amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci, kullum a ɗage yake, ido kawai ake gani. Ko hular kwano a kan rawanin yake ɗora ta. In ya tashi aiki yakan biyo ateliye su dafa shayi a 'yar buta shuɗiya. A nan, in ƙofa na rufe, yakan sauke amawalin zuwa haɓa ya sha iska. Da farko in na shigo sai ya mai da shi da sauri. Da ya saba da ni ya daina, ya ce wannan yarinya ba ya magana, kamar bango ne. Haka Hausarsa take, ba ruwansa da mace ko namiji. Yana da wushirya, in ya yi dariya kuma har dasashi.

"Mai fenti," yakan ce, "yau wa ka kashe a allo?"

"Wani Ba'abzine ne ya kwanta ƙarƙashin mota, ya zaci raƙumi ce za ta tsallake shi."

"Ƙarya ne. Mu ba mu barci da rana. Bahaushe ne, ya ci tuwo ya yi nauyi."

A shekarar kamfani ya gina wa ma'aikata sabon gidan cin abinci, zaure mai faɗi da dogon bango fari. Shef ya ce wa kawu ya sa wani abu a bangon, raƙumi da dabino ko abin da ya ga dama. Kawu ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya koma ya ce yana so ya zana ma'aikatan da kansu suna cin abinci. Shef ya ɗaga kafaɗa ya ce ya yi, in dai zai gama kafin ranar buɗewa.

Ban taɓa ganin kawu kamar yadda na gan shi a makonnin nan ba. Ya manne takardu a tagogi, ya kulle ƙofa, ya jera gangunan ƙarfe ya ɗora katako ya hau. Ranar Lahadi nakan kai masa littafin a naɗe cikin zane, mu buɗe shafin manoma mu jingine shi a kan kujera. Ba kwafa yake yi ba, tambaya yake yi. Ta yaya aka yi ɗan cokali ya yi ƙyalli? Me ya sa inuwar farar riga ba baƙa ba ce? Ya sa hasken hotonsa ya shigo daga hagu, daidai inda ainihin tagar zauren take, don in rana ta faɗo a ga kamar ita ce ta haska mutanen bangon. Ya zana kukun zauren, wani Bakano mai tumbi, da ludayi a hannu. Ya zana mai gyaran lantarki yana ɓare albasa, da wani Bafillace da ya ajiye hular kwano a gwiwa. A tsakiya, inda hasken ya fi ƙarfi, ya zaunar da abokinsa, ƙaramin kofin shayi a hannu, amawali a haɓa, kai a ɗage, yana dariya da dukan bakinsa.

Ya yi kyau ƙwarai. Na tsaya a gabansa na ji kamar zan ji ƙarar dariyar. Ni da kawu mun san al'adar mutanen nan, muna zaune da su, amma mun daɗe muna kallon littafin har mun fara gani da idonsa, a cikinsa kuwa fuska a buɗe ake ba haske.

Abokin ne ya fara gani. Kawu ya jawo shi da la'asar wata Lahadi, yana ta murmushi kamar mai kai ango ɗaki. Ina zaune a kan benci da littafin a cinya. Direban ya shigo yana tsokana, ya kalli kuku ya yi dariya ya ce tumbin ya yi kaɗan. Sai idonsa ya kai tsakiya. Ya kai hannu ya ja amawalinsa sama har ya kusa rufe idon.

"Wa ya gani?"

"Babu kowa. Daga ni sai ɗiyata."

"Surukina nan zai ci abinci."

Mun san tsohon, mai gadi ne a ƙofar kamfani, ya tafi hutu wajen dabbobinsa a Dannet, kuma ana sa ran zai dawo kafin a buɗe zauren.

"Tun da na auri ɗiyarsa," in ji direban, muryarsa ƙasa-ƙasa, "bai taɓa ganin bakina ba. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Yanzu zai zauna safe da rana, ni ina bisa kansa da haƙora waje kamar jaki?"

"Haba aboki, ai hoto ne. Don na girmama ka na sa ka a tsakiya."

"A ɗakinka na sauke, mai fenti. Ba a kasuwa ba." Ya juya har ya kai ƙofa, sannan ya ce, "Ka shafe."

Bai kai ƙara wurin kowa ba, amma kuku yana da mabuɗin baya, kuma kuku ba ya riƙe magana. Shef ya ji. Ya ce shi ba ya son rigima da mutanen ƙasa a kan bango: ko kawu ya daidaita da abokinsa kafin ranar buɗewa, ko a shafe bangon gaba ɗaya. Har ya sa aka kawo bokitan farin fenti aka jera a bakin ƙofar zauren. Duk wanda ya wuce yana ganinsu.

A gida Inna, mahaifiyata, ta sa kawu gaba.

"Kai dai ba ka ji. Shekara nawa kana shan shayin mutum, ba ka san abin da yake jin kunya ba? Ka ja masa rawaninsa mana, mene ne a ciki?"

"Yaya, ba ki gane ba. Duk hasken bangon bakin nan yake zuwa. In na rufe shi na kashe hoton."

"To a shafe ke nan."

"A shafe. Ya fi mini in ga farin bango da in ɗora wa mutum buhu a fuska."

Ba taurin kai ne kawai ba, ya gwada. Na ga takardun a ƙasan teburinsa a cukuikuye. Duk wanda ya zana da amawali sai ya fito kamar tulun da aka naɗe da tsumma, maraya kamar sauran marayun. Butar shayi tana gefe ta yi sanyi, garwashin ya zama toka. Ya koma zana allon kada a sha taba kusa da man fetur, bai ko tambayi littafin ba. Wannan bangon shi ne kaɗai abin da aka taɓa ba shi ya yi yadda ransa ke so, kuma mu duka mun san ba za a sake ba shi wani ba.

Na san abin da nake so in faɗa masa, amma faɗar ce aiki. Sau biyu ina zuwa ateliye da maganar a bakina in koma da ita gida. A na uku na wanke hannu, na shimfiɗa tsumman a kan allon da yake aiki, dole ya tsaya. Na buɗe shafin matar da ta ba da baya.

"Na ga wannan," ya ce.

"Kawu, ba ta da fuska." Na tura littafin gabansa. "Amma an san abin da ke ranta."

"Me ke ranta?"

Da yake hoton nake kallo ba shi ba, sai maganar ta zo. Na nuna masa hannunta a jikin ƙyaure, yadda yatsun suka danne katakon har ƙumba ta yi fari. Na nuna masa diddigenta ɗaya da ya ɗan tashi daga ƙasa, da wuyanta da ya miƙe gaba, da tsintsiyar da ta jingine ba ta gama shara ba. Na ce jira take yi, kuma wanda take jira ya makara, yanzu ta ji motsi a hanya ba ta tabbata shi ne ba.

Ya jawo kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallo, har na fara tunanin ko na yi rashin kunya. Can ya sa yatsa, bai taɓa takardar ba, ya bi hasken daga ƙofa zuwa hannun matar.

"Ashe ba gajiya ya yi ba," ya ce. "Ɗiyata, ni ban san yadda idon mutumin nan yake ba in yana dariya. Bakin nake kallo kullum."

Washegari ya sayi kan sukari da ganyen shayi ya ce in raka shi, wai ba za a kore shi a gaban yarinya ba. Gidan direban na siminti ne irin na kamfani, amma matarsa ta kafa bukkarta ta tabarmi a tsakar gida, nan suke zama, ɗakunan kuwa buhunan gero ne a ciki da wata akuya. Muka yi sallama. Aka yi gaisuwa doguwa, ta gajiya da zafi da iyali, kamar baƙi. Kawu ya ajiye sukarin a gefen tabarma.

"Na yi kuskure, aboki. Abin da ka ba ni a ɗaki na kai bango. Ka yafe ni."

Direban ya dubi sukarin ya dubi kawu. "Ka shafe?"

"Zan rufe. Amma sai ka zo ka zauna mini. Ban iya idonka ba."

"Ka iya haƙorana, ido ya gagare ka?"

Matar ta yi dariya daga cikin bukka. Shi bai yi ba, amma ya jawo murhu ya fara hura garwashi, ni kuwa na san in Ba'abzine ya ɗora buta magana ba ta mutu ba. Sai da aka sha kofi na farko mai ɗaci, aka sha na biyu, sannan ya ce zai zo, da sharaɗi.

"Rawanin da kake yi a allonka, kamar mutumin da mota ya buge aka ɗaure masa kai. Ni ba za ka yi mini wannan ba. Zan naɗa da kaina, ka duba da kyau. Kuma turkuɗi zan sa, na ranar salla."

Ya zo ranar Lahadi da rawanin turkuɗi mai ƙyalli kamar bayan ƙwaro. Ya zauna a benci kusa da taga, aka cire takardar, rana ta sauko masa daga hagu. Aka ba shi kofin shayi. Ya ɗaga gefen amawalin kaɗan da hannun hagu, ya shigar da kofin ta ƙasa da dama, ya kurɓa, ba a ga ko leɓensa ba. Sau nawa muna ganin haka a kasuwa, amma ranar ce muka fara kallo. Ƙaramin yatsansa yana tashi in ya riƙe kofi. Shuɗin turkuɗin ya rine masa saman kunci.

Saura dariya. Ya zauna ƙiƙam kamar mai jiran hukunci.

"Ka tuna ranar da aka fara ba ka mota," in ji kawu daga bisa ganga, "ka isa bakin rami kana mata tsawa ta durƙusa?"

"Ƙarya ne."

"Kuku ya gani. Ya ce har ka ɗaure mata ƙafar gaba da igiya kada ta tafi kiwo."

"Kuku! Wanda tumbinsa ke shiga ɗaki kafin ya yi sallama?"

Sai dariya ta kuɓuce masa. Kafaɗunsa suka girgiza, shayin ya zube a yatsunsa, idanun suka tsuke, wasu layuka uku suka tashi daga gefensu suka shige cikin rawani. Fensirin kawu kawai ke gudu.

Shuɗin ne ya ba mu wahala. Duk wanda aka haɗa sai ya fito kamar na ƙofar shago. Na tuna da wata riga mai sheƙi a cikin littafin, muka buɗe muka sa ido sosai, sai muka ga ƙyallin ba komai ba ne illa siririn layin fari da aka ajiye aka bari ba a murje ba, kuma akwai ja kaɗan a cikin duhun. Kawu ya haɗa haka. Da ya zo kan bakin, ya tsaya da burushi a hannu yana kallon wushiryar nan da ya ɓata kwanaki a kanta. Direban ya kau da kai ya dubi taga. Kawu ya yi bismilla ya shafa.

Ranar buɗewa an bar iyalai sun shiga. Bokitan farin fenti an kai su an shafe ɗakin girki. Na maƙale a bayan Inna kusa da ƙofa. Mutane suna ta nuna juna a bango suna ihu, kuku ya tsaya a ƙarƙashin hotonsa ya ƙi matsawa. A tsakiya kuwa hasken ya sauka a kan ido biyu da hannu ɗaya mai shigar da kofi ƙarƙashin amawali, duk wanda ya kalla sai ka ga shi ma bakinsa ya motsa.

Tsohon ya shigo da sandarsa, siriri, cikin farin rawani da ya ɗan sassauta saboda zafi. Ya bi bangon a hankali daga hagu. Kawu yana gefe, na ga yana murza tsumma a hannu. Da tsohon ya kai tsakiya ya tsaya. Bai tambayi kowa ko wane ne ba. Ya kai hannu ya ja nasa amawalin sama har bisa karan hanci, ya ɗan kau da kai gefe, kamar yadda suke yi in suruki ya shigo wuri. Sannan ya je ya nemi benci a can gefe, inda ba zai fuskanci hoton ba, ya zauna. An ce mini a nan ya riƙa cin abincinsa har ya bar aiki.

Direban yana waje a jikin bango, ba zai shiga inda surukinsa ke cin abinci ba. Kawu ya fita ya same shi, ni ina biye.

"Yaya?" in ji direban.

"Surukinka ya gaishe ka."

Ya dubi kawu, sai layukan nan uku suka tashi a gefen idonsa. "Gobe ka sa garwashi da wuri," ya ce. "Shayin gidana ba ya da daɗi, babu wanda zan zaga."

Kawu ya koma kan marayunsa. Ba a sake ba shi bango ba, bai kuma nema ba, sai dai na lura daga baya ko a allon gargaɗi yakan ɓata lokaci a kan hannu fiye da yadda shef ke bukata. Da kasuwar yuraniyom ta yi sanyi, aiki ya ragu, babana ya sake ɗaure kekensa muka gangara kudu. Ranar tafiya kawu ya miƙo mini littafin ta tagar mota, da alluran babana a jiki, ya ce teburinsa ya saba da katako.

Ya rasu da daɗewa. Ban koma Arlit ba. Nakan haɗu da mutanen can, in so in tambaya ko zauren yana nan, ko an shafe bangon, sai in tambayi wani abu dabam. Littafin yana wurina, lotsawar bangonsa ba ta tashi ba. Har yau sai na wanke hannu nake buɗe shi. In na zo shafin matar da ke bakin ƙofa nakan tuna cewa kawu bai kankare komai ba a ranar nan, shuɗi kawai ya ɗora a kai, kuma wushiryar tana nan a ƙasa yadda ya zana ta.